Launin Haƙorin Eliseo

Eliseo Barría ya hawo tudun Valparaíso da sanda,
hannu ɗaya a baki kamar mai ɓoye dariya.
Ƙwallon zaitun ne, in ji shi,
cikin burodin naman da ƙanwarsa ta gasa ran Lahadi.
Haƙorin gaba, shekara sittin da wani abu yana tsaye,
tauna ɗaya ta ɓalgace masa kafaɗa.

"Likita, sa mini fari.
Fari tas, irin na mutanen allon talla."

Na jawo jerin launuka, haƙoran tangaran sha shida,
na ja shi bakin taga,
don fitilar ɗaki ba a kafa shaida da ita,
hasken teku ne alƙali.
Na kara mafi fari kusa da nasa.
Sai ya zama baƙon da ya zo zaman makoki da kayan biki.
Na sauko, na sauko,
har wanda ya ja launin shayi da madara.
Nan suka gaisa.

"Wannan ai tsoho ne," ya ce.
Na ce, to kai fa?

Abin da ke cikin sirinjin nan ba asiri ba ne.
Danƙon roba ne, mai taushin kakin zuma,
an cuɗe shi da garin gilashi
da ya fi niƙan kwalli laushi.
Danƙo shi kaɗai rago ne, tauna za ta cinye shi.
Gilashi kuwa bai san riƙon zumunci ba.
Sai aka sa wani sinadari tsakani, mai hannu biyu,
ɗaya riƙe da wannan, ɗaya riƙe da wancan.
Ba a ganinsa, balle a gode masa.

Na shafa ruwan tsami, na ƙirga daƙiƙu, na wanke.
Fuskar haƙori ta yi kaushi
kamar bangon da aka kankare kafin fenti.
Santsi ba ya riƙe kowa.
Na bi da gam, siriri, na hura masa iska.

Sannan gini.
Kaɗan-kaɗan, domin halinsa ne ya tsuke in ya daskare.
Ka ɗora masa da yawa lokaci guda,
ya janye jiki daga inda ka jingina shi,
kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Na fara da mai duhu, wanda haske ba ya ratsawa,
shi ne ciki.
Na rufe da mai garai-garai, irin bakin farce,
shi ne abin da duniya za ta gani.

Maitén ta miƙo fitila, ta kare idonta da jan gilashi.
Akwai wani abu mai barci a cikin danƙon,
shuɗin haske kaɗai ya san sunansa.
Daƙiƙa ashirin.
Abin da nake murzawa da tsinke ɗazu
yanzu yana amsa ƙarfe da ƙas, ƙas.

Na goge, na saita cizo, na ba shi madubi.
Ya daɗe.
Ya ɗaga leɓe, ya karkata kai,
ya sa harshe yana lalube.
"Wanne ne ma?"
Wannan tambayar ita ce ladana, sauran na mai gidan haya ne.

Na ce kada ka saki jiki.
Zai sha shayi tare da kai, ya rine,
gefensa zai ci, wata rana sai an sake.
Kuma ka riƙa tambayar ƙanwarka ko ta cire ƙwallo.

"Wato shi ma tsufa zai yi."
Ya ɗauki hularsa.
"To, mu je a haka."

Daga taga na ji shi yana gangarawa tashar jirage,
yana gwada fito.
Na farko iska ce kawai.
Na biyu ya fita.